Digiri na Biyu a Fannin Ba Masu Nakasa Shawara a Amurka: Daga Cike Fom Zuwa Takardar CRC

Duk jami'ar Amurka da ke koyar da wannan fanni da amincewar CACREP, hukumar da ke tantance shirye-shiryen koyar da ba da shawara, wajibi ne ta wallafa alƙaluma huɗu kowace shekara: yawan waɗanda suka kammala, kason da suka kai ƙarshe cikin waɗanda suka fara, kason da suka ci jarrabawar takardar shaidar ƙwarewa (a wannan fanni ita ce CRC) ko ta lasisi, da kason da suka sami aiki. Da wannan ɗan tebur yawancinmu muka zaɓi makaranta. Sai da na bi hanyar har ƙarshe na iya karanta shi yadda ya kamata, don kowane adadi a cikinsa yana da matakin da yake fitowa, kuma a kowane mataki akwai inda ɗalibai ke zubewa.

Sunan fannin a Turance, rehabilitation counseling, yana ruɗa mutane. Wasu sukan ɗauka gashin ƙashi ne, wasu su ce gidan gyaran masu shaye-shaye. Ainihin aikin shi ne zama da mutumin da nakasa ta shiga tsakaninsa da sana'a ko dogaro da kai: direban babbar mota da ciwon baya ya hana shi doguwar tafiya, yarinya kurma mai shirin gama sakandare, tsohon soja mai rauni a ƙwaƙwalwa, matashin da ciwon taɓin hankali ya raba da karatu. Tare ake gano abin da mutum zai iya, da aikin da ke kasuwa, da abin da ya rage a tsakani, ko horo ne, ko na'ura, ko gyaran wurin aiki, ko ƙarfin zuciya. Dokar Smith-Fess ta 1920 ce ta buɗe wannan hidima ga farar hula, gyaran da aka yi a 1954 ya fara bai wa jami'o'i kuɗin horar da ma'aikata, dokar 1973 kuwa ita ce ginshiƙin da ake kai har yau, tare da sauye-sauyen da dokar WIOA ta kawo a 2014. Kowace jiha tana da hukumarta mai gudanar da shirin. Gwamnatin tarayya na zuba kashi 78.7 cikin ɗari na kuɗin, jiha ta cika 21.3.

Neman gurbi shi ne mataki mafi sauƙi. Takardar sakamakon digirin farko, wasiƙun shaida biyu ko uku, rubutaccen bayanin dalilin neman fannin, sai hira da malamai. Ba a cika damuwa da abin da mutum ya karanta a digirin farko ba, kuma makarantu da dama sun daina neman jarrabawar GRE. Abin da ya kamata a tsaya a kai tun kafin a biya kuɗin fom shi ne layin da shirin yake kai. A da hukuma ce ta daban mai suna CORE ke tantance waɗannan shirye-shirye, kuma kiredit 48 ya isa. Ranar 1 ga Yuli 2017 ta narke cikin CACREP, yanzu kuma kiredit 60 ake nema. A ƙarƙashin CACREP ɗin layi biyu ne: akwai wanda ya fi karkata ga sana'a da samar da aiki, akwai kuma wanda ya haɗa da gano cutar ƙwaƙwalwa da kula da ita. Wanda ke da niyyar neman lasisin jiha nan gaba, layi na biyu ya fi sauƙaƙe masa hanya. Wanda ya shiga na farko ba tare da ya duba ba, yakan ga bayan ya kammala hukumar lasisi ta ce kwas ɗaya ko biyu sun yi masa giɓi, sai ya koma aji da kuɗin aljihunsa.

Kiredit 60 daidai yake da kwasa-kwasai 20 masu kiredit uku-uku. Mai ɗaukar uku ko huɗu a kowane zango, har da na bazara, zai gama cikin shekara biyu zuwa biyu da rabi. Mai aiki da rana yana karatu da yamma yakan ɗauki shekara uku zuwa huɗu.

Maganar kuɗi tana da tarko ɗaya da ya kamata a sani. Hukumar RSA, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, tana bai wa wasu jami'o'i tallafi su raba wa ɗalibai. Kyauta ce mai sharaɗi: kowace shekarar karatu da aka biya maka, za ka biya ta da aikin shekara biyu a hukumar jiha ko wani wurin da dokar ta amince da shi. Ana ƙara shekara biyu na rangwame a kan wa'adin don neman aikin. Wanda ya bar karatu a tsakiya, ko ya koma aikin da bai cikin jerin, tallafin ya zama bashi har da ruwa. Ɗan ƙasa ne ko mai takardar zama ta dindindin ke samunsa. Ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa da bizar F-1 bai cikin lissafi, kuma yana da nasa ƙa'idojin: awa 20 kawai a mako zai yi aiki a cikin makaranta lokacin karatu, kwas ɗaya tak na intanet ake ƙirga masa cikin cikakken nauyin zango, alhali shirye-shirye da yawa a wannan fanni ta intanet ake yin su. Kafin ya taka wurin horo a wajen makaranta kuma, sai ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya rubuta masa izinin CPT a takardarsa ta I-20. Fara horo kafin izinin ya fito na iya lalata biza.

Shekarar farko ta aji ce. Akwai darussa takwas da duk mai koyon ba da shawara yake yi, ko wane layi ya bi: ɗa'ar aiki, bambancin al'adu, girman ɗan Adam daga haihuwa zuwa tsufa, zaɓen sana'a, dabarun zama da mutum, zaman rukuni, gwaje-gwaje, da bincike. A kan waɗannan ake ɗora namu: ilimin cututtuka da nakasa, yadda nakasa ke taɓa zuciya da iyali, tafiyar da fayil, nema wa mutum aiki, da na'urorin taimako.

Kwas ɗin cututtuka ya fi ba mutane tsoro, saboda yawan sunayen likitanci. Amma haddar sunaye ba ita ake nema ba. Abin da ake koyo shi ne juya rahoton likita zuwa harshen aiki. Rahoto zai ce rauni a laka, matakin C6 da ke wuya. Ɗalibin da ya gane darasin zai karanta haka: wannan mutum yana iya ɗaga wuyan hannunsa, amma yatsunsa ba sa damƙa da kansu, idan ya ɗaga wuyan hannun, yatsun kan lanƙwasa su riƙe abu mara nauyi, saboda haka da ɗan sanda da ake ɗaurawa a tafin hannu, ko manhajar da ke rubuta magana, aikin kwamfuta yana yiwuwa. Hukumomin jiha suna auna irin wannan ta fuskoki bakwai: zirga-zirga, sadarwa, kula da kai, tafiyar da kai, hulɗa da mutane, juriyar aiki, da ƙwarewar aiki. Duk rahoton da muka rubuta daga baya, cikin waɗannan bakwai muke zuba shi. Mutum biyu masu ciwo iri ɗaya na iya fitowa da sakamako daban, domin ɗaya akawu ne ɗaya kuma mai gyaran rufin gida.

Wani darasin da aka fi rainawa kuma aka fi buƙata shi ne lissafin kuɗin tallafi. Tambayar farko da mai karɓar SSI, tallafin gwamnati na masu nakasa marasa ƙarfi, yake yi ita ce: in na kama aiki, za a yanke min kuɗina? Amsar tana da ƙa'ida. Ana cire dala 20 da dala 65 daga albashin wata, abin da ya rage a raba biyu, shi ne abin da za a rage. Wanda ya sami dala 885 a wata, a cire 85 saura 800, rabinsa 400. Dala 400 za ta fita daga tallafinsa, dala 885 ta shiga aljihunsa. Mai karɓar SSDI, kuɗin inshorar nakasa na wanda ya taɓa aiki, tsarinsa daban ne: yana da watanni tara na gwajin aiki cikin watanni 60, ba lallai a jere ba, kuma a cikinsu ba a taɓa kuɗinsa. Ɗalibin da ya cakuɗa waɗannan biyu ya ba da amsar da ba daidai ba, zai iya sa mutum ya ƙi aikin da zai amfane shi, ko ya wayi gari da takardar neman ya mayar da kuɗin da aka biya shi fiye da ƙima. Ban ga wani wuri a karatun nan da ƙaramin kuskure ke cutar da mutum kai tsaye kamar nan ba.

Maki ba shi kaɗai ake dubawa ba. Yawancin makarantu suna son matsakaicin maki 3.0 cikin 4.0, amma malamai kuma suna zama lokaci-lokaci su duba halin kowane ɗalibi: yana karɓar gyara? Yana riƙe sirri? Yana zuwa a kan lokaci? Wanda aka ga matsala a tare da shi, a rubuta masa tsarin gyara mai wa'adi. Akwai masu A a takarda da aka dakatar a bakin ƙofar horo saboda wannan.

Daga nan sai ƙaramin horo: awa 100, a ciki 40 na zama ido da ido da masu neman hidima. Kafin a fara sai an yanki inshorar kare kai daga kuskuren aiki. Kowane mako akwai awa ɗaya da mai sa ido, kai kaɗai ko ku biyu, da awa ɗaya da rabi na zaman rukuni wanda ba ya wuce mutum 12. Ana ɗaukar zaman a bidiyo ko a murya da rubutaccen izinin mai neman hidimar, a kawo a kalla tare. Mai sa ido yakan tsayar da bidiyon a daidai inda mutumin ya yi shiru ya sunkuyar da kai, ɗalibi kuma ya yi sauri ya jefa wata tambaya. Sai ya ce: a nan me ka ji tsoro? Kusan dukkanmu laifinmu ɗaya ne a farko, gaggawar kawo mafita. Mutum ya ce ya rasa aikin shekara ashirin, mu kuma har mun buɗe jerin ayyukan da zai iya nema. Doka ma ta ce zaɓin sana'a na mai neman hidima ne bayan an ba shi cikakken bayani, kuma tsarin da aka rubuta masa ba tare da zuciyarsa ta kwanta ba, yakan sa hannu ya tafi, ba a sake ganinsa.

Babban horo shi ne inda gizo ke saƙar. Awa 600 ne, 240 a ciki na hulɗa kai tsaye. A yi lissafi: awa 40 a mako na mako 15, ko awa 20 a mako na mako 30. Wanda ya zaɓi zango ɗaya yana buƙatar awa 16 na hulɗa kai tsaye a kowane mako ba fashi. A takarda abu ne mai sauƙi. A zahiri makonni biyu ko uku na farko sukan tafi wajen koyon manhajar ofis da bin ma'aikata ana kallo. Sannan masu alƙawari ba kullum suke zuwa ba, kuma ba don rashin so ba: motar da ke ɗaukar masu keken guragu ta makara, ciwo ya tashi, mai rakiya bai samu zuwa ba. Awar da aka yi ana jiran wanda bai zo ba, ko ana rubuta rahoto, ko ana waya da ofishin likita, tana shiga cikin 600 amma ba ta shiga cikin 240. Shi ya sa ake samun ɗalibi a mako na goma sha uku da awa 520 a jimla, amma na kai tsaye bai kai 170 ba. Maganinsa tun ran gini tun ran zane: a mako na farko a zauna da mai sa ido a rubuta abin da makarantar ke ƙirgawa a matsayin hulɗa kai tsaye, a nemi jagorancin zaman rukuni na mako-mako kamar na koyon neman aiki, a karɓi hirar sababbin shiga, a kuma sa hannu a takardar awanni kowace Juma'a. Mai sa ido na iya canja aiki a tsakiyar zango, kuma awannin da ba sa hannu a kansu wahalar tabbatarwa gare su.

Abubuwa biyu kan jinkirta farawa. Na farko yarjejeniya tsakanin jami'a da wurin horo, wadda lauyoyin ɓangarorin biyu kan riƙe watanni idan wurin sabo ne. Na biyu binciken tarihin mutum da ɗaukar zanen yatsu. Wanda bai fara neman wuri zango guda kafin lokaci ba, yakan rasa zangon gaba ɗaya. Sai kuma sharaɗin da wasu ba sa lura da shi sai a makare: mai niyyar takardar CRC, dole mai riƙe da CRC ne zai sa ido a kan horonsa, ko a wurin aikin ko cikin malamansa.

A hukumar jiha akwai wani abu da ya shafi lokaci. Doka ta ba da kwana 60 a yanke ko mutum ya cancanci hidima, kwana 90 bayan haka a rubuta tsarin aikinsa, sannan ba a rufe fayil a matsayin nasara sai ya riƙe aiki aƙalla kwana 90. Tsakanin tsarin da kama aikin kuma ana iya yin shekaru ana horo. Zangon mako 15 kwana 105 ne kacal. Ɗalibin da aka bai wa sababbin fayiloli kaɗai zai fita ya iya buɗe fayil, bai taɓa zama da mai kamfani ba, bai taɓa ganin ranar da aikin mutum ya fara tangal-tangal a wata na biyu ba. Gara a roƙi fayiloli daga kowane mataki. A nemi zuwa wurin aiki a ga yadda ake rarrabe ainihin ayyukan muƙami da na gefe, domin a kan wannan rarrabewa dokar ADA ta 1990, mai kare haƙƙin masu nakasa, ta ɗora haƙƙin neman gyaran wurin aiki a kamfanin da ke da ma'aikata 15 ko fiye. A nemi kuma shiga makarantun sakandare, tunda WIOA ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin tarayya don ɗalibai masu nakasa da ke shirin shiga duniyar aiki, kuma sababbin ma'aikata da yawa can ake tura su.

Sau da yawa wannan horo ba albashi. Mai iyali da ke aikin cikakken lokaci ba zai iya ajiye aikinsa wata huɗu ba, kuma ofisoshin jiha da rana suke buɗewa. A ganina nan ne kason kammalawa yake raguwa fiye da ko'ina. Mutum ya ci kwasa-kwasai goma sha takwas lafiya, ya tsaya cak a kan na ƙarshe. Waɗanda suka fi samun sauƙi su ne masu aiki a hukumar tun farko, idan makaranta ta yarda su yi horon a wurin aikinsu, da sharaɗin a ba su ayyuka sababbi da ba irin na kullum ba.

Jarrabawar CRC hukumar CRCC ke shirya ta, wadda aka kafa a 1974. Tambayoyi 175 ne na zaɓi, cikin awa uku da rabi a kan kwamfuta. 150 ake ba maki, 25 na gwaji ne da ba a nuna su ba. Sau uku ake yin ta a shekara: Maris, Yuli da Oktoba, kuma rajista na rufewa watanni kafin nan. Ɗalibin shirin da CACREP ta amince da shi yana iya zama tun ya gama kashi 75 cikin ɗari na kwasa-kwasai, takardar dai ba ta fita sai ya kammala. Maki kashi biyu ne, na ba da shawara da na sanin nakasa da sana'a, kuma sai an ci duka biyun. Masu ƙarfi a zaman hira sukan faɗi a dokoki da inshorar raunin ma'aikata da lissafin tallafi, masu ƙarfi a waɗannan kuma su yi tuntuɓe a ka'idojin ba da shawara da ƙididdigar bincike. Minti 210 a kan tambaya 175, minti ɗaya da daƙiƙa goma sha biyu ke nan kowace. Tambayoyin ɗa'a sun fi cin lokaci, don amsoshi biyu kan yi kama da daidai. Wanda ya karanta kundin ɗa'ar CRCC da kansa, bugun da ya fara aiki a Janairun 2023, ya fi wanda ya dogara da taƙaitawa. Bayan an samu, duk shekara biyar ake sabunta ta da awa 100 na ƙarin ilimi, goma a ciki na ɗa'a.

CRC takardar shaida ce ta ƙasa baki ɗaya, ba lasisi ba ce. Lasisin buɗe wurin ba da shawara jiha ke bayarwa, kuma kowace da sharaɗinta: yawanci awa 2,000 zuwa 3,000 na aiki ƙarƙashin mai sa ido bayan digiri, da jarrabawar NCE ko NCMHCE, wasu jihohin kuma suna karɓar ta CRC. Wannan kan ɗauki shekara biyu ko fiye. Ɗalibin ƙasar waje yana da izinin aiki na OPT na wata 12 bayan kammalawa, wanda bai kai wannan tsawon ba, don haka lissafin nan tun kafin tafiya ake yin sa.

Yanzu a koma ga teburin. A ɗauka, misali kawai, mutum 20 suka fara, 14 suka kammala. Cikin 14 ɗin, takwas suka zauna jarrabawa, bakwai suka ci. Aka aika wa 14 ɗin takardar tambaya, goma suka amsa, tara na da aiki. Makaranta za ta rubuta kashi 88 na cin jarrabawa da kashi 90 na samun aiki, kuma ba ta yi ƙarya ba. Amma cikin ashirin da suka fara, bakwai ne ke riƙe da takardar. Shi ya sa kaso ba ya faɗin komai sai an san daga mutum nawa aka cire shi. A aji ƙarami, faɗuwar mutum ɗaya cikin takwas tana sauke adadi da fiye da maki goma sha biyu, don haka shekara guda ba ta isa hukunci ba; a nemi na shekara uku a jere. Kason kammalawa ya danganta da wa'adin da makaranta ta ɗauka a matsayin daidai, kuma wata tana ware masu karatun yamma, wata ta haɗa. Kason cin jarrabawa wani lokaci na zaman farko ne, wani lokaci har da masu maimaitawa. Kason samun aiki kuwa yakan ƙunshi waɗanda dama suna aiki a hukumar kafin su fara karatu, sannan tun da WIOA ta sassauta wa jihohi su ɗauki mai digirin farko a wasu muƙamai, samun aiki a hukuma bai nuna cewa digiri na biyun ne ya kawo shi ba.

Tambayoyin da suka fi amfani ba sa cikin teburin, sai an buga waya an yi wa shugaban shirin. Wa ke nemo wurin horo, makaranta ko ɗalibi? Wurare nawa kuke da yarjejeniya da su a yankin da nake zaune? Malamai nawa ne ke da CRC? Ɗalibai nawa ne bara suka gama kwasa-kwasai amma ba su fara babban horo a kan lokaci ba, kuma me ya tsayar da su? Shugaban da ke bin ɗalibansa yakan amsa ta ƙarshen nan take, ya ce uku ne, biyu saboda aiki, ɗaya saboda yarjejeniya, kuma ga zangon da za su fara.